Dangwalen Hagu

4 ga Fabrairu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, kuma ƙafar nan mai kumbura in kin daɗe a tsaye ta sassauta. Ya aikin asibiti? Na san haihuwa ba ta jiran ungozoma ta huta. Ni lafiya lau, sai idanu da suka fara ƙorafi. Likita ya ce in rage karatu, na ce masa to ya nemo min wata sana'ar.

Kin tuna littafin nan da aka sa mu haddace a aji shida, mai labarin yadda tsohon Mai Gari ya tsaya gaban Baturen kamfani ya hana haƙar ma'adini bayan rami ya rufta? Shekara arba'in ke nan ana buga shi. Na sake karanta shi da biro a hannu. Sau biyu mata suka fito a ciki: sau ɗaya suna kuka, sau ɗaya suna yi wa Mai Gari maraba.

Na ɗauki hutu daga jarida, ina rubuta littafi a kan matan ƙabilarmu da aikin wannan rami. Na yi sati biyar a gidan adana takardun tarihi, har na sami rahoton Baturen mulki na wancan wata. Abu uku ya ce: aiki ya tsaya kwana tara, mata ne suka ƙi tashi, kuma Mai Gari ya taimaka wajen maido da doka. Ki lura da wannan. Littafin makaranta ya ce shi ya tsayar da aikin, rahoton ya ce shi ya maido da shi. Sun rubuta yawan kwandunan da suka lalace, amma babu sunan mace ko ɗaya.

Takarda ɗaya ba ta isa hujja ba. Ina bukatar wanda ya gani da ido, kuma a cikin su uku, kakata da kakarki da ƙanwarsu Iya, Iya kaɗai ta rage. Ga rikoda da kaset biyu a hannun direban motar kasuwa. Don Allah ki zauna da ita. Ki tambaye ta wane lokaci ne na shekara, mata nawa, wa ya ce me. Kada ki sa mata magana a baki, in ta yi shiru ki bar shirun ya shiga kaset.

Ki gaishe min da ita ƙwarai.

Ƙanwarki


23 ga Fabrairu

Mai jan biro,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa tana nan yadda kika san ta. Satin nan haihuwa shida na karɓa, har da tagwaye. Ga kaset ɗinki, amma muryar Iya ta yi ƙasa kuma akwai kaji a tsakar gidan, shi ya sa na rubuto miki abin da na ji.

Da na ce ke kika aiko, sai ta ce, "Wace? Jikar Yayata, wadda ta zo nan tana ƙarama ta ce ruwanmu yana warin ƙarfe?" Ta kalli rikodar ta ce, "Wannan akwatin ba ya kai gulma?" Na ce, "Aikinsa ke nan, Iya." Ta yi dariya har da tari, sannan ta sa na tura ƙofa.

Ta ce tana da shekara goma sha biyu. Mai Gari ne ke raba wa kowane gida yawan matan da zai bayar, su kwaso ƙasa daga rami a kwando su kai wurin wanki, abin da ake biya kuma hannun mazansu yake shiga. Ita ruwan sha take kai wa mahaifiyarsu. A tsakiyar damina bangon ramin ya zubo a kan mata bakwai. Baturen ya zo ya duba, ya ce a koma ɗaya gefen a ci gaba, za a tono su in ruwa ya ɗauke. Sai mahaifiyarsu ta zubar da ƙasar da ke kanta, ta kife kwandon, ta zauna a kai a bakin ramin. Kafin azahar duk matan sun kife nasu.

Na tambaye ta ko Baturen ya yi ta zuwa. Ta ce, "Sau biyu ya zo. Mazanmu ne ba su ɗauke ƙafa ba. Wannan ya ce jariri na kuka, wancan ya ce in ba ta tashi ba kada ta dawo masa gida."

Rana ta tara Mai Gari ya zo da masu bulala. Da masu bulalar suka yi jinkiri, ya karɓi bulala da kansa ya nufi mahaifiyarsu. Iya ta sa hannu ta tare, mariƙin bulalar ya karya mata babban yatsan hagu, ya kuma tsaga shi. Ni tun ina yarinya nake ganin yatsan nan a karkace, ban taɓa tambaya ba. Ta ce, "Mun tashi, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma a satin aka tono su."

Kin san daga baya ɗan wannan Mai Garin ta aura. Ta ce, "Kullum da safe in durƙusa in gaishe da surukina, yana kallon yatsan, ni ma ina kallonsa. Har ya mutu ba mu taɓa maganar ba."

Yanzu ki buɗe kunne. Sharaɗinta ɗaya ne: kada sunanta ya fito. Ba ta da ɗa a raye, a gidan jikan tsohon Mai Gari take zaune, Mai Garin yanzu, kuma kin san littafin nan yana cikin kabad na gilashi a zaurensa, ana nuna wa baƙi. Ta ce, "Ki gaya wa mai biro, har yanzu a gidan nan ake zuba min abinci."

Yayarki


10 ga Maris

Yaya,

Na gaishe ki da aiki, Allah ya raya tagwaye. Kaset ya iso lafiya. Na saurare shi sau huɗu, kajin ma na san muryarsu yanzu. Abin da Iya ta faɗa ya dace da rahoton Baturen a wuri uku: kwana tara, damina, da zuwan Mai Gari a ranar ƙarshe. Ba ta san da rahoton ba, shi ya sa maganarta ke da nauyi.

Na gama babin, shafi goma sha takwas. Editan kamfanin ɗab'i ya karanta a zaune ɗaya, ya ce shi ne ƙashin bayan littafin. Ki kwantar wa Iya da hankali, na cika sharaɗinta. Babu sunanta, babu na mijinta, babu dangantakarta da ni. "Wata dattijuwa" kawai na kira ta.

Saura abu ɗaya na ƙa'idar aiki. Ba a buga zargi a kan mutum ba a ji ta bakinsa ba, in ya mutu a ji ta bakin iyalinsa. Shekara goma sha tara ina aikin jarida ban taɓa tsallake wannan ba, kuma ita ce garkuwarmu in an kai mu kotu. Don haka na sa kwafin babin a wani ambulan zuwa ga Mai Gari, na ba shi sati uku ya amsa. Direba ɗaya zai kawo muku duka biyun.

Ga man shafawa na ƙafa, an ce yana da kyau.

Ƙanwarki


26 ga Afrilu

Yaya,

Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Sati bakwai ke nan da na rubuto miki ban ga rubutunki ba, kuma direba ya ce kullum yana ganin ki a ƙofar asibiti.

Amsar Mai Gari ta zo, an buga ta da keken rubutu. A ciki Iya ta ce tsufa ya rikita mata tunani, ba ta taɓa ganin an daki kowa a bakin rami ba, kuma an ruɗe ta ne aka sa ta magana. Akwai dangwalen yatsanta a ƙasa, a karkace, kamar an yi shi cikin gaggawa. A layin shaida kuma na ga sa hannunki, Yaya. Na san rubutunki.

Lauyan kamfanin ya ce muddin mai ba da labari ta janye, babin ba zai fita ba, sai in an sami wani mai rai da zai tsaya da sunansa. Wata biyar na aiki ke nan.

Zan faɗi abin da nake zato, ki gyara min in na yi kuskure. Ina ganin an tsorata ki, kin zaɓi zaman lafiyarki, kin lallashi Iya ta janye. Ba zan zarge ki da tsoro ba, ke ke zaune a can. Amma da kin rubuto min layi biyu kafin in ji daga bakinsu. Yadda aka yi har suka gane ita ce, wannan ma ina so in sani, tunda ni ban saki sunanta ba.

Ƙanwarki


9 ga Mayu

Ƙanwata,

Muna lafiya, Iya ce dai babu daɗi. Na ga takardarki, na ajiye ta kwana uku don kada in amsa da zafi. Wannan ta hannun mai kawo mana magunguna za ta zo miki. Direban da kike ba saƙo, a gidan Mai Gari yake sauka ya ci abinci duk ranar kasuwa. Da kin tambaye ni da na gaya miki, kuma shi ya sa kika ji ni shiru.

Kina tambaya yadda suka gane. Ranar da ambulan biyun suka zo ina wani ƙauye wajen haihuwa mai wuya, sai washegari na dawo na ga tawa. Tasa kuwa a ranar ya sa magatakarda ya karanta a zaure, gaban dattawa, shafi goma sha takwas ɗin nan duka. Kin cire sunanta, gaskiya ne. Amma a shafi na biyu kin rubuta cewa dattijuwar ta nuna babban yatsanta na hagu wanda ya karkace tun ranar. A birninku mutum dubu nawa ne, ban sani ba. A nan tsohuwa ɗaya ce mai wannan yatsa, yaran da ke rarrafe ma sun san ta.

Aka kira ta zauren. Wadda ta rako ta ita ce ta ba ni labari. Mai Gari ya ce, "Iya, ke da kika yi shekara sittin kina cin abincin gidan nan?" Ta ce, "Ranka ya daɗe, hamsin daga ciki ni na dafa."

Babu wanda ya taɓa ta, kada ki rubuta an dake ta. Cewa aka yi za a gyara rufin ɗakinta, aka kwashe ta zuwa sito na bayan gida, inda ake ajiye garemani da tsoffin buhuna. Taga ɗaya ce, tana kallon bango. Har yau ba a taɓa rufin ba. An hana matan gidan shiga wurinta, ana ajiye mata kwano a bakin ƙofa. Matan unguwa da ke zuwa hira kullum da hantsi, mazansu sun hana su. Iya da ba ta iya minti biyar ba ta tsokani wani ba, sai ta wuni ba wanda ya ce mata sannu. Gyambon ƙafarta ya buɗe, da wannan dalilin ni kaɗai ake bari in shiga in wanke.

Sa hannuna kuwa, nawa ne. Tawadar dangwale ta garin nan guda ɗaya ce, ta asibiti, wadda mata ke dangwala wa katin awo. Aka aiko in kawo. Maigidana ya ce in ban je ba in san inda zan kwana. Na je. Magatakarda ya karanta mata takardar, ya ce, "Kawo hannun dama, Iya." Ta ce, "Na daman yana ciwo, ɗan nan. Ga wannan, ya saba da gidan." Ta miƙa na hagu. Ni na riƙe shi na danna a tawada. Ta danna shi a takardar da ƙarfi, a hankali, tana kallon Mai Gari. Ba a yi shi cikin gaggawa ba. Ke da kika iya karatu, ki sake duba shi.

Kin ce na zaɓi zaman lafiyata. Na riƙe yatsan, wannan ba zan musa ba, kuma ina kwana da shi ina tashi da shi. Amma ba ni na aika wa mutum da labarin kakansa a ambulan ba, alhali mai labarin tana kwance a bayan ɗakinsa.

Yayarki


15 ga Mayu

Yaya,

Na gaishe ki. Ya jikin Iya?

Na ɗauko gilashin da muke duba ƙananan haruffa da shi na ɗora a kan dangwalen. Akwai farin layi da ya ratsa shi daga sama zuwa ƙasa, inda tabon bai ɗauki tawada ba. Sati uku takardar tana kan teburina ban gani ba.

Laifin nawa ne, duka. Ƙa'idar da na bi an yi ta ne don a kare wanda ake zargi daga mai rubutu. Ban tsaya na tambayi kaina wa zai kare mai magana ba, ban kuma tambaye ki ba, ke da kika san gidan. Abin da na rubuta miki a takardar baya ma zalunci ne. Ki yafe min in kin iya.

Ki gaya wa Iya abu biyu. Na farko, in tana so zan cire babin, in rubuta wa Mai Gari cewa ni na ƙara gishiri, ko a mayar da ita ɗakinta. Na biyu, akwai ɗaki a wurina, zan zo da mota in ɗauke ta duk ranar da ta ce. Ba zan sake motsa ko harafi ɗaya ba sai da izininta.

Ƙanwarki


2 ga Yuli

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Mu muna lafiya. Sai haƙuri, Iya ta rasu ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, a siton. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Takardarki ta fi wata guda a hanya, domin motar magunguna ba ta zo ba sai ƙarshen wata. Amma ta same ta da rai, da kwana biyar.

Na karanta mata ina wanke ƙafar. Maganar mota ta ba ta dariya. Ta ce, "In je birni in mutu a kan bene kamar tantabara? Ki ce na gode." Da na zo wurin cire babin sai ta janye ƙafarta daga hannuna. Ta ce, "Ta ce ta ƙara gishiri? Wato uwata ba ta zauna a kan kwando ba ke nan? Su sun sa na ƙaryata kaina sau ɗaya, ita kuma za ta ƙara na biyu?"

Na ce, "Iya, don a mayar da ke ɗakinki ne." Ta ce, "Ɗakin ya gama min amfani. Abin da nake ɓoye sunan saboda shi sun riga sun karɓe. Yanzu ta sa sunan, ta sa na uwata, ta sa na bakwai ɗin." Ta lissafo su ɗaya bayan ɗaya ba ta yi tuntuɓe ba, har da gidan da kowace ta fito. Na rubuta su a bayan wannan takarda. Ki kwafe su daidai, kada jan bironki ya taɓa ko ɗaya.

Sannan ta ce, "Tunda tana son jin ta bakin kowa, ta buga takardarsu ma, da yatsan, kusa da maganata. Mai ido ya duba."

Game da ke, na tambaye ta ko ta yafe. Ta ce, "Yarinya ce, a takarda ta girma." Iyakar abin da ta ce ke nan, ba zan ƙara miki ba, ba zan rage ba.

Mu huɗu muka yi mata wanka. Mai Gari ya yi jawabi a wurin gaisuwa, ya ce uwa ce ga gidan. Washegari aka fara gyaran rufin ɗakinta.

Ni ban gama hucewa ba, kada ki zo yanzu. Amma kin ce lauyanku yana son mai rai wanda zai tsaya da sunansa. Ban ga ramin ba, ba a haife ni ba. Na dai ji labarin daga bakinta da kunnena, na ga siton, kuma na san yadda aka yi takardar nan. Ban gaya wa maigidana ba tukuna. Zan gaya masa ranar da littafin ya shigo gari, in ya so ya nuna min inda zan kwana.

Ki rubuta cewa ungozomar garin ce ta kawo tawadar, ita ta riƙe yatsan. Cikakken sunana yana ƙasan na bakwai ɗin.

Yayarki